Ƙanena da ke karatu a Koriya ya shiga wata ƙungiyar da ba ya iya faɗar sunanta: ina neman shawara

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a ƙasashen waje, musamman Koriya ta Kudu, a kan wani al'amari da ya hana mu barci a gidanmu, wanda ban so in baza shi cikin dangi tun ban fahimci inda ya dosa ba.

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya samu tallafin karatu na gwamnatin Koriya domin yin digiri na biyu, kuma yau watansa goma sha ɗaya ke nan da barin Katsina. Sharaɗin tallafin shi ne ɗalibi ya fara yin shekara guda yana koyon Koriyanci, ya ci jarrabawar harshen har mataki na uku, kafin a bar shi ya shiga ainihin karatun da ya kai shi. A watannin farko ba shi da zance sai na wuyar harshen, da tsananin sanyi, da yadda yake shan wahala kafin ya samu abincin da zai ci hankalinsa kwance. Kowace Juma'a yakan kira mahaifiyarmu idan ya dawo daga aji da yamma, lokacin mu nan hantsi ne, domin sa'o'i takwas ke tsakaninmu da su.

Wajen wata na huɗu ya ba mu labarin wasu matasa masu kirki da ya haɗu da su a bakin tashar jirgin ƙasa, waɗanda suka gayyace shi ajin koyon Koriyanci kyauta. Mun yi murna ƙwarai, Hajiya ma har ta ce ya gaishe mata da su. Suna ɗaukarsa hawan dutse a ƙarshen mako, suna dafa masa kifi saboda sun san ba ya cin naman alade, kuma da ya yi zazzaɓi su ne suka kai shi asibiti. Sannu a hankali ajin harshen ya zama taron zaman lafiya tsakanin addinai, daga baya taron ya zama wani darasi na kwana huɗu a mako, wanda aka hana su ɗaukar hoto a cikinsa, aka kuma hana su fita da littafin da suke rubutu.

Da na tambaye shi sunan ƙungiyar, ya ce ba ƙungiya ba ce, abokai ne kawai. Na tambayi shugabansu, ya ce za a gaya masa idan ya kai matakin da zai iya fahimta. Na ce to zan duba a intanet, sai ya ce malaminsu ya gargaɗe su cewa intanet cike take da ƙarya a kansu. Na ce masa in dai ba ƙungiya ba ce, a kan wa ake yin ƙaryar? Ya yi shiru, sannan ya ce yana da aji. Tun daga ranar kiran Juma'a ya koma sau ɗaya a wata. Ya ce yana salla, kuma ba ni da hujjar ƙaryata shi.

Shin wannan abu sananne ne a can, ko kuwa ni ne nake zuzuta shi? Idan sananne ne, me za mu iya yi daga nan Katsina ba tare da mun ƙara tura shi hannunsu ba?

Badauri Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya, Allah Ya kiyaye mana shi. Ba zuzutawa kake yi ba. Na yi shekara uku ina karatu a Koriya kafin in dawo Daura, kuma abin da ka zayyana sananne ne har ta kai coci-coci da yawa a ƙasar sukan manna sanarwa a ƙofarsu cewa ba su yarda 'yan wata ƙungiya su shigo musu ba.

Zan fara da abin da ya faru da ni, ba tare da na kama sunan kowa ba. Wata biyu da isata, cikin sanyin Disamba, wani saurayi da wata budurwa suka tare ni a bakin tasha suna tambayar hanya. Da a ce hankalina na jikina, da na lura cewa babu dalilin da zai sa 'yan ƙasa biyu su bar dubban 'yan'uwansu su tambayi baƙar fata ɗaya tilo hanya. Suka ce fuskata tana da haske, suka ce suna koya wa baƙi al'adun gargajiya kyauta. Na yi mako uku ban yi hirar minti biyar da wani ɗan Adam ba, saboda haka na bi su. Muka yi kusan awa guda a bas, muka hau bene na uku na wani gida marar allon suna, suka sa mini kayan gargajiyarsu masu kyau, suka ɗauke ni hoto. A cikin ɗakin akwai ƙaramin tebur da aka jera wa tufa da waina irin tasu ta shinkafa. Suka ba ni farar takarda in rubuta sunana da ranar haihuwata, wai za a ƙona ta domin a warware wa kakannina ƙullin da ke hana ni ci gaba, kuma aka ajiye ambulan a gefe domin abin sadaka. Sai da aka fara nuna mini yadda zan durƙusa in kai goshina ƙasa a gaban teburin sannan na farga, na ce musu wannan sujada ce, ba zan yi ba. Na cire kayan na fito, amma da yake na riga na ba su lambar wayata, sun yi sama da wata suna kirana.

Wannan irin na gaggawa ne, kuɗi suke so a rana ɗaya. Wanda ka kwatanta ya fi shi haƙuri, shi ne shigo-shigo ba zurfi. Ba zan ce maka ƙanenka yana hannun wance ƙungiya ba, domin masu wannan salo suna da yawa, amma zan gaya maka abin da aka tabbatar a bainar jama'a game da wadda ta fi shahara da shi, don ka ga yadda ake saƙa abin. Sunanta Shincheonji, wani mutum Lee Man-hee ya kafa ta a 1984, kuma mabiyansa sun yi imani cewa shi kaɗai aka ba fassarar sashen ƙarshe na Baibul, mai magana kan wahayi da ƙarshen duniya. A 2012 baƙi mazauna Koriya suka gano cewa wata ƙungiyar sa-kai mai suna Mannam, wadda take shirya musu ajin Koriyanci da wasannin motsa jiki kyauta, tana da alaƙa da wannan cocin. Akwai kuma ƙungiyar zaman lafiya mai suna HWPL wadda shi Lee ɗin ne shugabanta, tana gayyatar malaman addinai daban-daban, har da Musulmi, zuwa tarukanta. Duniya ta san sunan Shincheonji ne a Fabrairun 2020, lokacin da korona ta ɓarke a reshenta na birnin Daegu, aka danganta kamuwar sama da mutum 5,000 da wannan majami'a, aka kuma sha wuya wajen gano mambobi saboda da yawansu ko iyalansu ba su san suna ciki ba. Don adalci, kotu ta wanke Lee daga zargin hana aikin daƙile cutar a Janairun 2021, amma ta same shi da laifin sama da faɗi da kuɗin cocin, ta yi masa ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka. A 2020 ɗin dai gwamnatin Singafo ta binciki reshenta da ba shi da rajista, ta ce yana yaudarar mutane wajen shigar da su, kuma aka kama mutum 21 a watan Nuwamba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da waɗanda suka fita daga cikinta suka sha faɗa. Sabon shiga suna kiransa ɗan itace, sannan akwai wanda suke kira ganye, wato tsohon mamba da ake zaunarwa kusa da shi a aji, yana nuna shi ma yau ya fara zuwa. Idan an tashi daga darasi, sabon shiga ya buɗe wa wannan abokin cikinsa ya ce abu kaza bai kwanta mini ba, kafin gobe maganar ta isa kunnen malami, sai a darasi na gaba malamin ya amsa ainihin tambayar da ba a yi masa ba. Yaron da ba shi da masaniya zai ɗauka karama ce.

Dalilin da ya sa suke son baƙo kuwa a fili yake. Baƙo ko da ido makaho ne: ba ya karanta sanarwar da aka manna a ƙofa, ba ya jin labaran ƙasar, ba shi da inna ko kawun da zai ce masa kai, waɗannan mun san su. Bayan haka hotonsa yana da amfani. Ɗan Najeriya sanye da hula, riƙe da tutar ƙasarsa a filin taro, hujja ce da za a nuna wa mabiya cewa al'ummai sun fara amsa kira.

Abin yi a aikace shi ne a haɗa shi da mutanen da ba nasu ba. Akwai babban masallacin Seoul a unguwar Itaewon, wanda aka buɗe tun 1976, kuma ranar Juma'a ba a rasa 'yan Najeriya. Kowace jami'a tana da ofishin kula da ɗalibai baƙi, akwai ofishin jakadancinmu a Seoul, lambar 'yan sanda 112 ce, ta hukumar shige da fice kuma 1345. Ka tambaye shi halin da halartar ajinsa take ciki, domin bizar ɗalibi da tallafin duka sun rataya ne a kan karatu, kuma darasin kwana huɗu a mako dole daga wani wuri yake cin lokaci.

Malami Mai Ritaya, Ƙofar Guga, ya amsa:

Allah Ya saka wa ɗana Badauri da alheri, ya ba mu abin da ido ya gani. Ina da gyara ɗaya ga yadda muke kallon wannan lamari. Idan aka ce ƙungiyar asiri, Bahaushe yakan hango matsafa da jan ƙyalle da taron tsakar dare, saboda haka idan ɗansa ya ce ya haɗu da mutane masu fara'a da tsabta da ke kai shi asibiti, sai hankalinsa ya kwanta. Alhali kuwa alherin ne ƙugiyar. Kada kuma mu ɗauka wannan cuta ce ta wani addini ko ta wata ƙasa mai nisa. Ina saurayi aka yi rikicin Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000. Shi Maitatsinen, wato Muhammadu Marwa, daga Kamaru ya zo, kuma akasarin waɗanda suka taru a bayansa a 'Yan Awaki gardawa ne da 'yan ci-rani daga ƙauyuka da maƙwabtan ƙasashe, samarin da suka shigo birni ba su san kowa ba, suka samu wanda ya ba su wurin kwana da tuwo da kuma wanda ya san sunansu. Ban ce waɗancan na Koriya masu ɗaukar makami ba ne, amma ƙofar da ake shiga zuciyar baƙo ɗaya ce a ko'ina.

Sannan a yi adalci. Kiristan da ya ce maka ni Kirista ne, ga sunan cocina, zo ka ji wa'azi, bai yaudare ka ba, kamar yadda mai da'awarmu da ya ce ni Musulmi ne bai yaudari kowa ba. Ka amsa ko ka ƙi, da saninka ka yi. Abin da ya raba wannan da abin da ake yi wa ƙanenka shi ne ɓoye suna, da cewa sai ka kai wani mataki za a gaya maka wanda kake bi, da hana ka tambayar na waje. Duk malamin da na yi karatu a gabansa, tun ranar farko na san sunansa da na malaminsa da littafin da za a buɗe.

Gargaɗina gare ka, ɗana, shi ne kada bakin kowa a gidanku ya furta masa kalmar ridda. Yaro ya ce yana salla, a karɓa a haka. Idan kuka yanke masa hukunci tun yanzu, kun tabbatar masa da abin da babu shakka an riga an gaya masa, cewa danginsa za su juya masa baya da zarar ya fara ganin haske.

Alhaji na Sabuwar Unguwa ya amsa:

Da girmamawa ga Malam, ni ban ga abin jan magana a nan ba. Digiri bai kai imani ba. A haɗa kuɗin tikiti, a ce masa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, idan ya sauka a karɓe fasfo ɗinsa, a zaunar da shi gaban malamai. Idan kuka tsaya lallashi ta waya, su da suke tare da shi dare da rana za su gama hure masa kunne kafin ku farga.

Hajiya Maman Asibiti ta amsa:

Alhaji, ka yi haƙuri, ban goyi bayan wannan shawara ba. Ƙorafinmu a kan mutanen nan shi ne sun jawo yaro da ƙarya, ta yaya za mu ƙwato shi da wata ƙaryar, kuma a kan lafiyar uwar da ta haife shi? Ranar da ya sauka ya tarar da ita garau, ya gama yarda da gidansu ke nan, ga tallafi ya salwanta, kuma da waya a hannunsa darasin zai ci gaba har cikin ɗakinsa a Ƙofar Marusa, tunda tun lokacin korona da yawa daga irin waɗannan azuzuwa suka koma intanet.

Na yi shekara tara ina aikin jinya a Ingila, kuma a can ma haka abin yake. A 2016 Cocin Ingila ya gargaɗi majami'unsa na Landan game da wata ƙungiya mai suna Parachristo, mai alaƙa da Shincheonji da Badauri ya ambata. Ni kaina na ga yadda wata abokiyar aikina, Kirista daga kudancin Kaduna, ta faɗa hannun wasu masu irin wannan salo, waɗanda ba zan ambata ba. Muna aikin dare tare, sai na ga ta daina cin abinci da mu, tana ɓuya a ɗakin ajiyar magani tana haddace wasu takardu, idanunta duk sun faɗa. Yayarta ta yi mata faɗa, ta toshe lambarta. Wadda ta fito da ita wata tsohuwa ce 'yar garinsu da ba ta taɓa zagin ƙungiyar ba, sai dai duk Lahadi ta kira ta ta zo ta ci tuwo, kuma a kowane zuwa ta yi mata tambaya ɗaya tak ta bar ta da ita. An yi wata bakwai ana haka.

Iyayen 'yan mata su ƙara buɗe ido. Jung Myung-seok, wanda ya kafa ƙungiyar da ake kira JMS a Koriya, an ɗaure shi shekara 10 a 2009 saboda fyaɗe, ya fito a 2018, aka sake yanke masa shekara 23 a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 17. Cikin matan da suka kai shi ƙara akwai 'yar Hong Kong da 'yar Ostireliya, kuma an san ƙungiyarsa da jawo ɗalibai ta hanyar kulob-kulob na wasanni da rawa da tallan kayan sawa, ba da sunan addini ba.

Yanzu gare ka, ɗana mai tambaya. Na karanta rubutunka sau biyu, kuma ko'ina na ga yakan kira, kiran ya ragu. Ban ga inda ka ce ku kuka kira shi ba. Da ya yi zazzaɓi, wane ne a gidanku ya kwana yana bugo masa waya? Mukan ɗauka wanda ya tafi waje ya haye, sai mu zauna muna jiran gaisuwarsa da aikensa, ba mu san yana cin abincin dare shi kaɗai a ɗakin da bai fi shagon mai caji ba. Ku raba kwanakin mako tsakaninku, kowa da ranarsa, ku kira shi ku ba shi labarin gida, ba tare da kun mai da kowace hira kotu ba. Idan za ka yi tambaya, ka yi wadda zai tafi da ita: wa ke biyan hayar ɗakin da kuke darasi, kuma me zai faru idan ka ce za ka huta mako biyu? Kada a aika masa kuɗin da ba a san inda za su ba, kuma ya tabbata fasfo ɗinsa yana hannunsa.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, har da Alhaji, domin kawunmu ma ra'ayinsa ke nan, kuma na san tsoro ne ya kawo shi. Hajiya, maganarki ta yi mini zafi, amma da na duba wayata na tarar a wata goma sha ɗaya sau shida na kira shi da kaina, huɗu daga ciki kuwa a kan gudummawar bikin ƙanwarmu ne.

Jiya da hantsi na kira shi, ban ambaci darasi ba. Na ba shi labarin katangar bayan gida da ruwan Agusta ya kayar, da gardamar da ake yi kan wanda zai gyara ta, muka yi ta dariya kusan rabin awa. Shi da kansa ya ce mini bai samu makin da ake so ba a jarrabawar harshe ta farko, kuma bai gaya wa kowa ba saboda kunya. Daga nan na ba shi labarin ɗan itace da ganye kamar yadda Badauri ya kawo shi, a matsayin abin da na karanta, ban ce da shi nake ba. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce akwai wani da ke zama kusa da shi, wanda ya ce rana ɗaya suka fara, amma a makon farko ya ji shi yana rera wata waƙa tasu daga farko har ƙarshe ba tare da ya dubi takarda ba.

Bai ce zai daina zuwa ba, ni ma ban nema ba. Ya yarda zai je Itaewon sallar Juma'a mai zuwa, kuma Badauri, idan kana da wanda ka amince da shi a can da zai tarye shi a ƙofar masallaci, ka aiko mini da saƙo a keɓe. Darasinsu na gaba ranar Litinin ne, ya ce zai sake tambayar malamin sunan shugabansu a gaban 'yan aji. Talata ranar ƙanwarmu ce a jadawalin da muka tsara, amma na roƙe ta ta bar mini ita.